Majigi a Cikin Birnin Kano

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini, in ba 'yan'uwana masu karatu labarin wani dare da na yi a cikin birnin Kano a bazarar bana, da wata 'yar magana da ta tsaya mini a rai tun daga ran nan.

Ni akawu ne, a Waje nake zaune, a makarantar mishan kuma na yi karatu, saboda haka ko da yake a Kano aka haife ni, ban cika shiga birni ba sai in sayayya ta kai ni. Wani abokin aikina, mutumin wata unguwa tsakanin Kasuwar Kurmi da gindin Dala, shi ya ce in zo, samarinsu za su yi majigi daren Lahadi. Na zaci wasa yake yi, domin ni a bakin tsofaffi kaɗai na san kalmar nan.

Da la'asar sakaliya na shiga ta Ƙofar Mata, na wuce marina, na bi hanyar Kurmi, daga nan sai lunguna waɗanda mutum biyu ba su jerawa. Zafi kuwa ba a magana. Bangayen ƙasa sai amayo zafin da suka sha tun hantsi suke yi, ga shi ba wuta, kowane gida an fito da tabarmi ƙofar zaure. Filin da za a yi abin bai fi girman masussuka ba. An shafe bangon wani gida da farar ƙasa, an aro janareta, na'urar kuwa 'yar ƙarama ce, yaro ma ya ɗauke ta da hannu ɗaya. Mai unguwa ya yarda, amma da sharaɗi: sai bayan sallar isha'i, mata gefe guda, maza gefe guda, kuma a tashi kafin dare ya raba. Kafin a fara, masu tallan gyaɗa da rake da zoɓo mai ƙanƙara sun kewaye wurin, mai shayi ma ya matso da teburinsa.

Abin da aka nuna shi ne Mother India, fim ɗin Indiya na 1957, labarin wata mata manomiya da bashi ya ci gonarta. Kai, Edita, na ga abin mamaki! Dattawan da ba su jin harshen Indiya ko kaɗan, su ke gaya wa yara abin da zai faru tun bai faru ba, kuma duk sa'ad da mai ba da bashin nan ya fito sai ka ji tsaki ta kowane gefe.

Kusa da ni akwai wani tsoho, ya yi shekara tamanin ko fiye. Na gaishe shi, na ce, “Baba, haka majigin naku yake a da?”

Ya yi murmushi, ya ce, “A'a, ɗana, wannan silima ce aka fito da ita waje. Majigi na hukuma ne.” Ya ce mota ce takan zo da injinta da farin ƙyalle, a yi shela tun da rana, da dare gari ya taru a fili, ba ko kwabo. A nuna yadda ake tsabtace rijiya, da yadda ake noma, da labarin Ingila, wani mutum yana tsaye yana fassara da Hausa, shi kuwa in ya ga dama ya ƙara gishiri. Ya ce har yanzu bai manta da Baban Larai ba, wanda aka yi da Hausa don koyar da noman zamani. Ya ce iyayensu kuma dodon bango suke kiran abin.

Abin da na sani a karatu ya yi daidai da nasa. Wani Bature ma'aikacin lafiya a Ikko, William Sellers, shi ya shahara da yawo da irin motar nan, shi aka ba shugabancin ofishin finafinan ƙasashen mulkin Ingila da aka kafa a 1939. Silima ta kuɗi kuwa hanyarta dabam. Rex aka fara ginawa a Kano a 1937, a bayan ganuwa. A 1951 gidan silima na El Duniya ya kama wuta, mutum 331 suka rasu. Da na ambaci wannan, tsohon ya yi shiru, sa'an nan ya ce ba a jima ba aka buɗe Palace a Jakara, nan kusa da inda muke zaune, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ita ce ta fari a cikin birni, malamai suka ƙi, samari har da jifa. Ya ce, “Majigi kuwa ban taɓa jin an jefe shi ba. A sarari ake yi, ubanka yana ganinka, kana ganinsa.”

To, ga maganar da ta kawo ni. Da aka tashi, na tambayi samarin ko sun taɓa ganin Shaihu Umar. Wasu sun karanta littafin a makaranta, amma ba wanda ya san an yi shi a fim. Alhali kuwa Adamu Halilu ya yi shi tun 1976, da Hausa tsantsa, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. An daɗe ana zaton ya ɓace, sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar hukumar finafinai ta Nijeriya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna a bikin finafinai na Balin a 2018. Labarin kuwa ya shafi garin nan, domin ta Kano aka bi da yaron cikin bauta har ya faɗa hannun Balarabe, ta nan kuma uwarsa ta biyo sawunsa. Watau Jamusawa sun zauna sun kalle shi, yaran da na zauna da su a bayan Kurmi ba su ko ji labarinsa ba. Na ji kunya ƙwarai, domin ni ma da nake tambayar ban gan shi ba.

Ban ce a bar na Indiya ba, tsofaffinmu ba za su yarda ba. Roƙona ga hukuma da masu riƙe da fim ɗin nan shi ne a ba unguwanni aronsa, tare da Baban Larai in yana nan, a nuna su a filayen birni da bazara, bisa sharaɗin masu unguwanni. Bango akwai, na'ura akwai, kuɗin mai kuwa samarin nan karo-karo suka yi. A yi kuma tun masu ba da bayani irin tsohon nan suna da rai. Shi dai ya ce in an samu a aiko masa da wuri, don a shimfiɗa masa buzunsa a gaba, ido ya fara rauni.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Kano.