Tafiyarmu Zuwa Kalaba a Watan Kirsimeti

Cikin watan Oktoba na 2023 ne 'yarmu ta fari, wadda ke aure a Kalaba, ta aiko mana cewa likita ya ce haihuwarta za ta faɗo wajen tsakiyar Disamba. Tun daga ran nan uwargida ba ta ƙara samun sukuni ba. Haihuwar fari ce, a wurinmu kuwa uwa ita ke yi wa 'yarta wankan jego. Ta ce ko da ƙafa ne sai ta je.

Daga Jos zuwa Kalaba a mota ba tafiyar wasa ba ce. Sai ka bi ta Akwanga da Lafiya, ka haye Binuwai a Makurɗi, ka wuce Gboko da Katsina-Ala, sa'an nan Ogoja, Ikom, Ugep, kana ka ga Kalaba. In an tashi da asuba, da ƙyar a isa kafin dare ya yi nisa. Ga shi kuwa uwargida tana fama da ciwon baya shekara da shekaru. Na sani in na sa ta a motar haya ta yi wannan zama, wadda ta je jinya ita za a koma yi wa jinya. Saboda haka na ce jirgin sama za mu shiga daga Abuja, in ya so mu sayar da masarar da muka ajiye.

Niyyarmu mu tashi ran Jumma'a 22 ga Disamba, mu iske an sauka, mu kuma yi Kirsimeti tare. Na kira ɗan ƙanena, wanda ya iya sha'anin waya, na ce ya duba mana kuɗin tikiti. Ya duba, ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Baba, masarar nan ba za ta kai mutum biyu ba." Na ce ya sake dubawa, watakila ya yi kuskure. Sai ya matsa baya zuwa Talata 12 ga wata. Abin mamaki, kamfani ɗaya, hanya ɗaya, tafiyar sa'a guda da 'yan mintoci, amma kuɗin ran 22 ya fi ninki biyu na ran 12.

Ni dai na ɗauka cuta ce tsagwaronta. Da maraice na kai ƙara wurin wani maƙwabcina, dattijo, wanda ya yi aikin sayar da tikiti a zamanin Nigeria Airways, kafin a rushe kamfanin a 2003. Ya saurare ni har na gama, ya yi dariya, ya ce, "Malam, ka taɓa sayar da tumatir?"

Ga yadda ya bayyana mini. Kujerar jirgi kamar tumatir take, ba ta kwana. Da zarar an rufe ƙofa jirgi ya tashi, kujerar da ba kowa a kanta ta zama asara, ba mai iya ajiye ta sai gobe. Don haka kamfani yakan kasa kujerun jirgi kashi-kashi. Kashi na fari kaɗan ne, mai araha, domin a jawo masu saye da wuri. In ya ƙare sai a buɗe na biyu, wanda ya ɗara shi tsada, haka har zuwa na ƙarshe, wanda aka tanada domin mutumin da tafiya ta zame masa tilas. Mutum biyu za su zauna kafaɗa da kafaɗa, a ba su ruwa iri ɗaya, alhali ɗaya ya biya ninkin abin da ɗayan ya biya. In kamfani ya san rana ce da mutane za su yi rububi, tun farko ba ya ma kasa kashi mai araha da yawa.

A Kalaba kuwa rububin biyu ne. Akwai 'yan ƙasa da ke aiki a Legas da Abuja, masu komawa gida hutun Kirsimeti. Akwai kuma baƙi masu zuwa kallon babban bikin rawa da ado da ake kira Karnibal, wanda Gwamna Donald Duke ya fara a 2004. A shekarar nan kuma an ƙara da faɗuwar darajar naira, gama da dala ake sayen kayan gyaran jirgi, man jirgi kuma ya yi tsada ƙwarai.

Amma maganar da ta fi zauna mini ita ce ta ƙarshe. Ya ce, "Jirgin da ya tafi a cike, ai sai ya dawo. Wa zai cika shi a dawowa?" Kafin Kirsimeti kowa kudu ya nufa, sai jirage su tafi maƙil su komo da kujeru a wofi. Bayan Sabuwar Shekara sai abin ya juya. Wanda ya iya daidaita tafiyarsa ya saɓa wa taron, shi ne mai samun sauƙi. Na ga gaskiyar wannan daga baya, sa'ad da wan surukinmu ya tashi daga Kalaba zuwa Abuja ana jibi Kirsimeti. Ya ce layin kujeru uku shi kaɗai ya zauna, kuɗin kuwa bai kai rabin na masu zuwa ba.

To, mu da muka bar aiki, ba abin da muka fi shi kamar lokaci. Muka daidaita a kan ran 12 ga wata, komowa kuma sai ƙarshen Janairu, bayan an yi arba'in, taron ya watse. Tikitin zuwa dabam muka saya, na komowa dabam, a kamfani biyu, gama kowane da ranar da ya fi sauƙi. Yaron nan ya nace a biya kuɗin a shafin kamfanin kansa, kada a tura wa wani wanda ya yi talla a waya ya ce yana da tikiti mai rahusa. Ya kuma tabbata an rubuta sunayenmu daidai yadda suke a katin shaida. Ya yi mana kashedi cewa tikiti mai araha ba ya son canjin rana, in ka sake shawara sai ka biya tara, ka kuma cika bambancin kuɗi.

Sai maganar kaya. Uwargida ta haɗa gero, da kanwa, da kuka, da daddawa, da yaji, da acca, har da tukunyar da ta ce ba a samun irinta a kudu. Abin da ake yarda wa mai ƙaramin tikiti kuwa kilo 15 ne ko 20, bisa ga kamfani, abin da ya haura sai a biya kowane kilo. Da mun kai buhun nan filin jirgi, da geron ya fi nama tsada. Muka kai shi tashar mota mako guda kafin mu tashi, aka rubuta mana takarda, surukinmu ya karɓa a can.

Yanzu bari in faɗi inda wayona ya yi yawa. Muna cikin dubawa sai yaron ya ce jirgin Uyo, babban birnin Jihar Akwa Ibom, ya ɗan fi na Kalaba sauƙi. Na duba taswira, na ga garuruwan nan biyu kusa suke, wajen kilomita 100 a mota. Na ce a saya. Uwargida ta ce, "Maigida, ka tambayi yadda hanyar take?" Na ce hanya ai hanya ce.

Muka kwana a Abuja wurin 'yan'uwa, domin kada mu makara. Da safe hazo ya rufe gari, kamar yadda yakan yi a lokacin hunturu, muka yi zaman jira har bayan azahar. Wannan ba laifin kowa ba ne, amma duk mai tafiya a Disamba ya bar wa kansa rana guda ta rara, kada ya sa jirgi a ranar biki ko ɗaurin aure. Da muka tashi, ba a jima ba ƙurar nan ta ƙare a ƙarƙashinmu, sai kore shar, kurmi da itatuwan kwakwar manja, da rafuffuka suna ta lanƙwasa kamar macizai. Uwargida, wadda ta runtse ido tun daga Abuja, ta buɗe ta ce ashe haka ƙasar nan take da ruwa.

Daga Uyo muka ɗauki shatar mota, muka bi ta Itu, inda doguwar gada ta haye kogin Kuros. A shekarar nan hanyar ta lalace ƙwarai, ga manyan motoci masu ɗaukar dutse da tankokin mai sun yi layi. Tafiyar da na lissafta sa'a biyu ta cinye mana fiye da huɗu. Kowane rami motar ta faɗa, sai in ji uwargida ta ja numfashi, ba ta ce mini kome ba, shirun nan kuwa ya fi faɗa zafi. Da na haɗa kuɗin shata da na maganin da muka saya washegari, abin da na rage a tikiti ya tafi duka, har da ɗori. Sauka a filin jirgin garin da ke kusa dabara ce mai kyau ga saurayi mai jaka ɗaya, in ya tambayi direbobi halin hanya tukuna. Ga tsohuwa mai ciwon baya, ban ba kowa shawara ba.

Kwana uku bayan isowarmu 'yarmu ta sauka lafiya, aka sami 'ya mace. Da mun tsaya a kan ran 22, da mako guda ya wuce ba uwa a kusa.

Sa'ad da mata ke fama da ruwan zafi da kunun kanwa, ni sai na shiga gari. Kalaba birnin Efik ne, a kan tudu yake, yana kallon kogi, titunansa da tsabta da inuwa. Na je tsohon gidan Razdan, wanda aka kawo katakansa da ƙarafansa daga Birtaniya aka harhaɗa a 1884, yanzu gidan tarihi ne. A ciki za ka ga labarin cinikin bayi da na manja, waɗanda suka sa Turawa suka san garin. Na ga makarantar Hope Waddell, wadda aka kafa a 1895, da kabarin Mary Slessor, 'yar Sikotilan da ta yi fama domin a daina kashe tagwaye, ta rasu a 1915. In kewar gida ta kama ni kuwa, sai in gangara Bogobiri, unguwar Hausawa, in sayi tsire, in ji Hausar Kano da ta Sakkwato a bakin teku. Miyarsu ta ganye, wadda suke kira afang, sai da na yi kwana biyu kafin bakina ya karɓe ta, daga baya har ƙari nake nema.

Bayan Kirsimeti da 'yan kwanaki aka yi babbar fitar Karnibal. Ƙungiya-ƙungiya suke fitowa, kowace da launin tufafinta da makaɗanta, suna rawa a titi wajen kilomita 12, tun da rana har tsakar dare. Wani baƙo daga Legas da muka tsaya tare ya gaya mini abin da ya biya na jirgi da na masauki domin kwana uku. Ban ce masa kome ba, gama ni da ƙafa na zo daga gidan surukina.

Ran Talata 30 ga Janairu 2024 muka komo. Wannan karo daga filin jirgin Margaret Ekpo muka tashi, cikin garin Kalaba, tafiyar 'yan mintoci daga gida. Uwargida ce ta zaɓa, ban kuwa yi gardama ba. Da muka isa Jos na buɗe rumbu, na iske sauran masara buhu biyu.