Mabuɗi Ɗaya, Shago Biyu

A 'yan shekarun nan kalmomi da yawa sun shigo bakin yaranmu waɗanda mu ba mu taso da su ba. Mun ji mainin, mun ji 'yan baiwa, mun ji "ta fashe". Lokacin Hamster Kombat a 2024, har a sahun baya na masallaci sai da muka riƙa roƙon matasa su mayar da waya aljihu su bar dangwale. Mu dai Islamiyya muka yi muka faɗa kasuwa, amma zaman shago a Dei-Dei da zaman sulhu bayan sallar Isha sun sa dole muka yi ta tambaya har muka fahimci abin da ya kamata ɗan kasuwa ya fahimta a wannan harka. Yau kalma ɗaya za mu ɗauka, wadda yara ke kira fok, domin ta ƙofarta ake yi wa mutane sata mai ciwo.

Hukuncin kuɗin kirifto malamai sun yi magana a kai, wasu sun hana, wasu sun halatta da sharuɗɗa, kuma ba wannan shafin ne wurin warware shi ba. Abin da muke gani da ido shi ne kuɗin yana nan cikin wayoyin unguwar nan. Akwai mai sayo kaya daga Sin yana biya da USDT, akwai ɗan canji a Zone 4 da ke karɓarsa, akwai yaron da ke riƙe da na mahaifiyarsa. Tunda yana nan, to tsare shi ya zama maganarmu duka.

Bitcoin da ire-irensa littafin lissafi ne babba, wanda dubban kwamfutoci a faɗin duniya ke riƙe da kwafinsa. A ciki aka rubuta wane asusu ke da nawa. Wani lokaci masu kula da littafin sukan saɓa a kan ƙa'idar rubutu, kamar wa da ƙanen da suka gaji shago ɗaya suka kasa jituwa. Sai kowanne ya kwafi littafin tun daga shafin farko har zuwa ranar rabuwa, ya buɗe nasa shagon, ya ci gaba da rubutu shi kaɗai. Wannan rabuwar ita ce fok. A kasuwarmu kwafar littafi ba ta mayar da buhu ɗaya biyu. A can kuwa, da yake rubutun shi ne kuɗin, duk wanda ke da ajiya ranar rabuwa sai ya wayi gari da tsaba iri biyu, tsohuwa a wannan littafi, sabuwa a wancan.

Haka ta faru ranar 1 ga Agusta 2017. An yi ta jayayya a kan girman shafin Bitcoin, wasu suka ce a bar shi yadda yake, wasu suka ce a faɗaɗa shi ya ɗauki ciniki da yawa. Masu son faɗaɗawa suka ware suka kafa Bitcoin Cash. Wanda ke da Bitcoin ɗaya a walat ɗinsa ya samu Bitcoin Cash ɗaya ba tare da ya biya ko sisi ba. A watan Oktoba na shekarar aka sake yin wata rabuwar, aka samu Bitcoin Gold. Ethereum ma ta rabu a 2016, inda aka samu Ethereum Classic, ta kuma sake samun wani reshe a Satumbar 2022. Saboda haka in an ce maka akwai tsabar kyauta bayan rabuwa, ba kullum ne ƙarya ba. To amma a nan gizo ke saƙar.

Kowane walat yana da kalmomin sirri, 12 ko 24, waɗanda ake nuna maka ranar da ka buɗe shi. Su ne mabuɗin. Wayar ba ita ce ma'ajiyar ba, manhajar ma ba ita ba ce. Duk wanda ya san kalmomin nan a jere, ko yana wace ƙasa, zai buɗe asusunka a wayarsa ya kwashe. Da aka kwafi littafi, da kwaɗon aka kwafa. Ke nan mabuɗin da ke buɗe sabon shago, inda tsabar kyautar take, shi ne dai ke buɗe tsohon shago, inda jarinka yake. Kuma kalmomin ba tsaba ɗaya suke tsarewa ba. In a walat ɗin kana da Bitcoin da USDT da wasu, duk a bayan kwaɗo ɗaya suke.

Ɓarayi sun gane wannan tun da wuri. A Nuwambar 2017, wani shafin intanet ya fito da sunan zai taimaki mutane su karɓi Bitcoin Gold ɗinsu. Abin da ya nema kawai shi ne a shigar da kalmomin sirri. Mutane suka shigar, aka kwashe musu abin da ya haura dala miliyan 3, kuma mafi yawansa tsohon Bitcoin ɗin da suke da shi ne tun farko. Abin da ya ƙara ruɗar mutane, an taɓa sanya mahaɗin shafin a gidan yanar Bitcoin Gold ɗin kansa. Garin neman gira aka rasa ido.

Kada wani ya ce wannan labarin Turawa ne. Da Pi ta buɗe kasuwa ranar 20 ga Fabrairun 2025, shafukan bogi suka cika Facebook da Telegram da WhatsApp, kowanne na cewa kawo kalmominka 24 a tabbatar maka da asusu ko a saki tsabarka. Na Pi ba rabuwar littafi ba ce, amma tarkon iri ɗaya ne. An taɓa kawo mana wata shari'a a zauren masallaci, tsakanin wani mai shagon kayan waya da yaronsa. Maigidan ya ba yaron ajiyar USDT na oda da za a yi, domin shi bai iya latse-latsen ba. Yaron ya ga sanarwa a wani zauren Telegram cewa an raba wata tsaba, masu tsohon walat su zo su karɓi rabonsu kafin ƙarfe 12 na dare. Ya shigar da kalmomin bayan Azahar. Kafin a kira La'asar babu ko ƙwandala a ciki. Yaron ba ɓarawo ba ne, kowa ya shaida. Ya yi nufin ya samo riba ya burge maigidansa. Amma jarin ya tafi, zaman shekara shida ya lalace, iyayen yaron a gida sai da suka sayar da dabbobi aka rage bashin. Mun raba su da haƙuri da yarjejeniyar biya kaɗan-kaɗan, amma har yau ba su koma kamar da ba.

To yaya mutum zai yi in rabuwar ta gaskiya ce, kuma yana son haƙƙinsa? Ga abin da muka tattara, mun kuma gwada shi da hankalin kasuwa ya zauna.

Da farko a yi haƙuri. In kana da ajiya ranar da aka rabu, rabonka yana rubuce a sabon littafin, ba ya ruɓewa, ba ya gudu. Ko bayan wata shida ka je yana nan. Duk sanarwar da ta ce maka yau ne ƙarshe, ko saura awa biyu a rufe, to mai ita so yake ka yi aiki kafin ka yi tunani. Mu a kasuwa mun san dillalin da ke cewa "wani na zuwa da kuɗi yanzun nan". Sauri ya haifi nawa. Bari makonni su wuce, a ga manhajar da ta tabbata da wadda ta cinye mutane.

Na biyu, ka san inda kuɗinka yake. In a hannun kamfanin musaya yake, mabuɗin na kamfanin ne, kai suna da lambar shiga kawai gare ka. Su za su yanke ko su raba wa masu ajiya sabuwar tsabar ko su ƙi, kuma in za su raba, da kansu za su zuba maka. Babu abin da za ka shigar a wani shafi. Wanda ya kira ka ya ce shi ma'aikacinsu ne, ka ba shi lambar da aka turo maka, kashe wayar kawai.

Na uku shi ne jigon maganar. In mabuɗin a hannunka yake, to kafin ka kai shi ko'ina, kwashe kayanka. Buɗe sabon walat mai sababbin kalmomi. Tura ɗan kaɗan ka ga ya isa, sannan ka tura sauran, kowace irin tsaba, har tsohon ya zama wayam. Sai a lokacin za ka ɗauki tsofaffin kalmomin ka je neman tsabar kyauta. In manhajar ta gaskiya ce, ka samu. In ta ɓarayi ce, sun buɗe shago sun tarar da kanta babu kaya, abin da ka yi asara bai wuce kyautar ba. Daga ranar kuma tsohon mabuɗin ya mutu, kada ka sake ajiye komai a bayansa, kada ka sake ba wani lambar asusun ya turo maka kuɗi. Wanene cikinmu zai ba baƙo mabuɗin sito yana cike, don ya ce zai ɗauko masa tukuici a ciki?

Na huɗu yana da ɗan sarƙaƙiya, amma ɗan kasuwa zai gane. Tunda littattafan biyu tagwaye ne, wani lokaci umarnin biya da ka sa wa hannu a ɗaya yana aiki a ɗayan. Kamar ka rubuta takarda ka ce a ba wane buhu goma, ya kai shagon wa aka ba shi, ya kai ta shagon ƙane aka sake ba shi. Masu Bitcoin Cash sun sa kariya daga wannan tun ranar farko a 2017. Amma lokacin rabuwar Ethereum a 2016, da lokacin da Bitcoin SV ta ware daga Bitcoin Cash a Nuwambar 2018, babu wannan kariyar da farko, mutane suka riƙa tura tsaba ɗaya ɗayar na bin ta. Don haka in an rabu, tambayar farko ita ce ko an sa wannan kariya. In ba a sa ba, kada ka motsa komai, ko kwashewar da muka ambata, sai walat ɗin da kake amfani da shi ya fito da hanyar raba su.

Na biyar, kula da wayar kanta. Kada ka sauke manhaja daga mahaɗin da aka turo a zaure, ko da amininka ne ya turo, domin shi ma turo masa aka yi. In da hali, yi aikin karɓar a wata wayar daban da wadda sabon walat ɗinka ke ciki. Akwai kuma shafukan da ba sa neman kalmomi, sai su ce ka haɗa walat ka danna amincewa. Wannan dannawar sa hannu ce, tana iya zama izinin ɗibar kuɗinka. Abin da ba ka karanta ka gane ba, kada ka sa masa hannu. Kalmomin kuma a takarda ake rubuta su da biro. Ba a ɗaukar hotonsu, ba a tura wa kai a WhatsApp. Wayarmu tana kwana wurin mai caji, tana yini wurin mai gyara a Banex, yara na wasa da ita a gida.

Sannan a yi lissafi irin na kasuwa. Yawancin tsabar da ake samu a rabuwa darajarta ba ta kai ko kusa da ta uwar ba, wasu ma faɗuwa suke yi cikin kwanaki. Cire kuɗin turawa, cire wahala, ka auna abin da ya rage da abin da ka jefa cikin haɗari. Sau da yawa za ka ga barin ta ya fi riba. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Wani zai ce ai yanzu gwamnati ta shigo ciki. Gaskiya ne. Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna taɓa harkar a Fabrairun 2021, ya sassauta a Disambar 2023, a 2025 kuma aka sa hannu a dokar da ta sa ta ƙarƙashin hukumar SEC. Ofishin EFCC ma yana nan Jabi, kuma wanda aka zalunta ya kai ƙara, haƙƙinsa ne. Sai dai a sani, kuɗin banki in ya ɓata akwai manajan da za ka zauna a gabansa, akwai asusun da za a iya rufewa. Abin da ya fita daga walat ɗinka da mabuɗinka, littafin ya rubuta shi a matsayin kai ka tura, kuma ba a goge shafi.

Magana ta ƙarshe ga masu riƙe da na wasu. In kuɗin maigidanka ne, ko na adashin mata, ko na mahaifiya, ba ka da ikon kai mabuɗinsa ko'ina sai da saninsu, ko da kana ganin alheri za ka jawo musu. Ware na amana a walat ɗinsa daban, kada ya haɗu da wanda kake gwaje-gwajen mainin da shi. Ku kuma iyayen gida, ku zauna da yaran ku tambaye su a ina takardar kalmomin take. Mu da ake kira rabon gado mun san yadda dukiya ke ɓacewa in mai ita ya tafi da sirrinta. A rufe takardar a ambulan, a ajiye inda ake ajiye takardun fili, a sanar da mutum ɗaya amintacce wurin da take ba tare da an karanta masa ba.

Wanda ya karanta wannan ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman iyaye mata da ke ba yara ajiya. Allah Ya tsare mana halaliyarmu, Ya sa albarka a kasuwanninmu, Ya shirya mana zuri'a. Wassalamu alaikum.