Malam Zurƙe a Garejin Suame

A Suame Magazine ta Kumasi na fara karanta Ruwan Bagaja, littafin da Abubakar Imam ya rubuta don gasar 1933. Lokacin ina koyon kanikanci a garejin kawuna, nakan ɓuya da shi bayan wata matacciyar mota in an tashi cin abinci. Duk sa'ad da Alhaji Imam ya yi wa Malam Zurƙe wulaƙanci sai in yi ta dariya, don a ganina Zurƙe ne mugun labarin.

Sai a karatu na biyu na lura da yadda gabarsu ta faro. Alhaji ne ya shigo gari da malantar ƙarya, Zurƙe kuwa mai ilimi ne na gaske. Da aka gwada su gaban jama'a, Alhaji ya zana harafi, Zurƙe ya faɗi sunansa daidai, amma mutanen gari da ba su san baƙi ba suka yarda jinjirin wata ne, aka kore shi. Kuma duk labarin daga bakin Alhaji muke jinsa. Ba a taɓa ba Zurƙe dama ya faɗi nasa ba.

A kwanakin nan ne aka kama wani ɗan koyo da batirin da ya ɓace a garejinmu. Kafin a ce haka makanikai sun kewaye shi, wani har ya ɗauko bel ɗin fanka. Zuciyata ta karye, na tuna Zurƙe, amma ban iya buɗe baki ba. Kawu ne ya ratso taron ya ce, "Ku dakata. Kai yaro, me ya kai ka?" Ashe watansa uku maigidansa bai ba shi ko kuɗin koko ba. Kawu ya karɓi batirin, ya sa shi sharar gareji mako guda, ya kuma riƙa ciyar da shi.

Ɗalibai kan tambaye ni bambancin tausayi da jinƙai, don sau da yawa ana fassara su kamar kalma ɗaya. Da wannan rana nake ba su amsa: abin da na ji a bayan mota shi ne tausayi, abin da Kawu ya yi shi ne jinƙai. Har yau in na tuna shirun da na yi nakan ji kunya.