Daga Kano Zuwa Bradford: Abin Da Biza Ke Ɗauka Da Abin Da Take Bari A Gida

Ranar da na sauka Bradford, cikin watan Nuwamban 2022, ƙarfe huɗu na yamma wayata ta yi kiran sallar magariba. Na ɗauka agogon ne ya rikice saboda tafiya. Da na ɗaga labule sai na ga gari ya yi duhu da gaske, ruwa na zuba siriri, irin wanda ba ya ƙara amma yana jiƙa mutum har ƙashi. Na yi alwala da ruwan famfo mai sanyi kamar ƙanƙara, don ban san inda ake kunna na zafi ba, na yi sallah, na zauna kan darduma na yi kuka mai isata. Abban yara da yaranmu suna Kano, ni kaɗai ce a ɗakin da asibiti ya kama mini na wata uku.

'Yar'uwa mai karatu, tun daga lokacin kusan babu makon da wata ba ta turo mini saƙo ba: "Anti, yaya ake tahowa?" Shi ya sa na ga ya dace in zauna in ba ki labarin garin da hanyar zuwansa tare, domin wanda ya gaya miki ɗaya ya ɓoye ɗaya bai yi miki adalci ba.

Bradford gari ne a arewacin Ingila, cikin yankin Yorkshire, tafiyar kamar minti 20 a jirgin ƙasa daga Leeds. Yana cikin kwari, tuddai sun kewaye shi, duk inda za ki je ko dai hawa ko gangara. A da can garin masaƙu ne, da ulu ya yi suna a duniya. Har yau dogon bututun hayaƙin tsohuwar masaƙar Lister yana tsaye a unguwar Manningham, ana hango shi daga nesa kamar yadda ake hango Dala. Gidajen na dutse ne, jere a manne da juna, hayaƙin shekaru ya mayar da su baƙaƙe. Masaƙun nan ne suka jawo 'yan Pakistan bayan yaƙin duniya na biyu, su ne kuma suka sa yau Musulmi ba ya shan wahalar masallaci ko naman halal a garin. Akwai shagunan 'yan Afirka inda za ki samu manja, garin rogo, kuɓewa, wani lokaci har gero. Kuka da daddawa dai sai an aiko miki daga gida. A takaice, garin baƙi ne tun fil azal, mu ne kawai sabbin zuwa.

To, yaya ake zuwa? Ni ta bizar ma'aikatan lafiya na shigo, wadda Birtaniya ta ɓullo da ita a 2020. Amma biza ita ce matakin ƙarshe. Kafin ita sai hukumar rajistar nas-nas da ungozoma ta ƙasar, wato NMC, ta yarda ke ma'aikaciyar jinya ce. Farko jarrabawar Turanci, IELTS ko OET. A IELTS ana son maki 7 a karatu da saurare da magana, 6.5 a rubutu. Kada ki raina ta don kin yi makaranta da Turanci. Sau biyu ina faɗuwa a rubutu kafin na haye. Sai jarrabawar kwamfuta da ake kira CBT, wadda ake yi a Najeriya. Bayan nan ki nemi aiki da kanki a shafin ɗaukar ma'aikata na NHS, hukumar lafiya ta ƙasar. Najeriya na cikin jerin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce suna da ƙarancin ma'aikatan lafiya, don haka an hana asibitocin Birtaniya zuwa su yi zawarcinmu, amma ba a hana mutum ya nema da kansa ba. In an ɗauke ki, asibitin zai ba ki takardar ɗaukar nauyi, da ita za ki nemi biza, tare da shaidar gwajin tarin fuka wadda ake yi a Abuja ko Legas.

Ko kin sauka ba ki zama nas ba tukuna. Akwai jarrabawar gwaji a aikace, OSCE, mai tasha goma, kuɗinta fam 794 a lokacin da na yi. Kafin ki ci ta, mataimakiya ce ke, albashinki ma na mataimakiya. Ni da na yi shekara tara ina aiki, ina karɓar haihuwa da hasken tocilan, sai ga ni ana koya mini yadda ake wanke hannu mataki-mataki, ana auna ni da agogo. Na haɗiye girman kaina na koya.

Yanzu ga maganar iyali, wadda ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Wannan biza tana ba nas damar tahowa da miji da 'ya'yan da ba su kai shekara 18 ba. An kuma ɗauke mana kuɗin kula da lafiya da sauran baƙi ke biya, wanda daga 2024 ya kai fam 1,035 a shekara ga kowane babba. Idan asibiti bai tsaya miki ba, sai kin nuna fam 1,270 a asusunki, 285 na miji, 315 na ɗan fari, 200 na kowane yaro bayansa, kuma kuɗin su kwana 28 a ciki ba tare da sun ragu ba. Mu da yara biyu, fam 2,070 ke nan, ban da kuɗin biza da na jirgi. Filin da na gada a wajen Babanmu muka sayar.

Sai dai dokar tasu ba ta san iyali irin namu ba. Aurenmu a masallaci aka ɗaura, shaidu sun fi ɗari, amma babu takarda ko ɗaya. Sai da muka je kotu aka yi mana. Sunan Abban yara iri uku ne a takardunsa, kowace makaranta da yadda ta rubuta, sai da aka yi rantsuwa aka daidaita. Namiji mai mata biyu ya sani tun yanzu, mace ɗaya kawai za a ba bizar rakiya. Yaron da uwarsa ko ubansa zai zauna a gida kuwa, ba a cika ba shi ba sai an tabbatar mai tafiyar ne kaɗai ke ɗauke da nauyinsa.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na 'yar riƙona. 'Yar yayata ce, Allah Ya jiƙanta, tun tana shekara uku take hannuna, ba ta san wata Mama ba sai ni. A unguwarmu ba wanda zai ce ba ni na haife ta ba. A takardar biza kuwa babu gurbinta, domin mahaifinta yana raye kuma babu hukuncin kotu da ya ba ni ita. Ranar da Abbansu da ƙannenta za su taho, cikin Afrilun 2023, ita ta ɗauko wa auta jakarsa har bakin mota. Daga baya Umma ta ce mini a waya, "Yarinyar nan ba ta yi kuka ba, ke dai ki riƙa kiranta." Ina kiranta kullum. Yanzu shekarunta goma sha huɗu, ta fara ce mini "ku" a waya, alhali da "ke" take ce mini. Duk wadda ke da ɗan riƙo a gabanta, ta yi wannan lissafin kafin ta biya kuɗin jarrabawar farko.

Akwai kuma lissafin maigida. A wannan tafiya takardarsa a jikin tawa take rataye, ni ce mai biza, shi ɗan rakiya. Malamin kimiyya ne a sakandare, mutumin da ɗalibai ke rusunawa su gaishe shi a kasuwa. A nan aikin da ya fara samu shi ne ɗaukar kwali a rumbun ajiyar kaya. Idan ina dutin dare shi ke yi wa yara wanka, ya dafa, ya kai su makaranta, domin babu kaka, babu maƙwabciya, babu yarinyar aike, mai raino kuwa da awa ake biyanta. Wata rana ya dawo ya zauna bai cire takalmi ba, ya ce, "Maman yara, anya ba mu yi kuskure ba?" Na ce, "Abbansu, in ka ce mu koma, gobe zan rubuta takardar ajiye aiki." Ya daɗe bai yi magana ba, sannan ya ce a bari yara su gama shekarar. Yanzu yana bin hanyar samun lasisin koyarwa. Na ga aure fiye da ɗaya ya mutu a garin nan a kan wannan gaɓar. Ku zauna ku yi maganar tun a gida, wa zai yi me, kuɗin wa zai shiga ina.

Kuɗin fa? Sabuwar nas a matakin da ake kira Band 5 tana farawa da kusan fam 30,000 a shekara a 2024. In kin juya shi zuwa naira kanki zai yi jiri. Amma haraji da fansho za su ɗauki rabonsu tun kafin ya iso hannunki. Mu haya na cin fam 750 a wata, ga harajin gunduma, ga wuta da gas da ke ninkawa da sanyi, ga 'yan'uwa a gida da suka ɗauka a titi ake tsintar fam. A jikin bizar an rubuta ba ki da haƙƙin tallafin gwamnati. Makarantar yara dai kyauta ce, asibiti ma haka. Idan kuma aiki ya kuɓuce, yawanci kwana 60 ake ba ki ki samu wani mai ɗaukar nauyi, in ba haka ba ku tattara gaba ɗaya.

Ba Birtaniya kaɗai ce ƙofa ba. Kanada tana da tsarin Express Entry tun 2015, na tara maki ne bisa shekaru, ilimi, harshe da ƙwarewa, kuma tun 2023 ana ware zaɓe na musamman ga ma'aikatan lafiya. Daɗinsa, duk gidan za ku sauka da izinin zaman dindindin, ba ku rataye a wuyan wani asibiti ba. Wuyarsa, maki na fara raguwa da zarar kin cika 30, kuma lasisin aikin jinya tafiya ce daban, da tantance takardu da jarrabawar NCLEX. Ostireliya ma maki ce, mafi ƙaranci 65, kuma sai ba ki kai shekara 45 ba. Amurka tana ba nas da iyalinta katin zama ta hanyar EB-3, amma layin shekaru ne. Saudiyya ta fi kusa da zuciyarmu, ga Harami, babu harajin albashi, sai dai kwantiragi ne, ranar da ya ƙare zama ya ƙare. A Birtaniya, bayan shekara biyar ake neman zaman dindindin, amma a Mayun 2025 gwamnati ta fito da shawarar mayar da shi goma ga baƙi da yawa. Dokokin nan suna sauyawa kamar iskar damina, don haka shafin gwamnatin ƙasar za ki duba a ranar da za ki nema, ba saƙon WhatsApp ba.

Ki yi hattara da dillalai. Takardar ɗaukar nauyi ba ta sayarwa ba ce. Na san wata baiwar Allah da danginta suka haɗa mata miliyoyi aka saya mata ta aikin kula da tsofaffi. Ta iso ta tarar babu aikin, wata huɗu tana kwana a falonmu. Tun 11 ga Maris 2024 masu wannan aikin ba sa tahowa da iyali, a Yulin 2025 kuma aka rufe ɗaukarsu daga waje. Duk wanda ya ce miki zai shigar da ku ta nan yanzu, kuɗinki yake so. Haka mai cewa zai sa a rubuta miki jarrabawa: a 2023 NMC ta gano maguɗi a wata cibiyar CBT a Ibadan, ta soke sakamakon cibiyar, har waɗanda suka yi da guminsu sai da suka sake.

Za ki tambaye ni ko na yi nadama. A nan marasa lafiya takwas nake kula da su a duti, kuma duk abin da na miƙa hannu na samu. A gida na sha kwana ni kaɗai da gado talatin, ina rubuta wa dangi su sayo safar hannu. Amma na san gurbin da na bari ba a cike shi ba, wata ƙawata ce ke ɗauke da nawa da nata. Wannan ba ya barina in yi barci wani lokaci. Auta kuma ya fara amsa mini Hausa da Turanci, har muka kafa doka, daga bakin ƙofa zuwa ciki ba a jin wani yare sai namu.

Da bazara, lokacin da rana ke kaiwa ƙarfe tara da rabi ba ta faɗi ba, mukan je lambun Lister ranar Lahadi da shinkafa da wake a kula. Yara su yi ta gudu a ciyawa, Abbansu ya kishingiɗa, ni kuma in kira Kano ta bidiyo in juya wayar don 'yata ta ga tafkin da agwagin. Rannan ta ce, "Mama, in na gama makaranta nas zan zama, in taho da bizar kaina." Na yi dariya na ce Allah Ya nuna mana. Da na kashe wayar ban san ko addu'ar ta taho zan yi ba, ko ta Allah Ya gyara mana gida har ta rasa dalilin tahowa. Sai na yi duka biyun.