Manhajar Haɗa Kiɗa Tsakanin Berlin da Kano

A Berlin, matashin da zai fara haɗa kiɗan rawa a kwamfuta yakan soma da tunanin inda za a saka kiɗan, wato gidan rawa, inda DJ ke ɗora kiɗa kan kiɗa har gari ya waye. Shi ya sa manhajar Ableton Live ta yi kaka-gida a nan. A garin aka ƙirƙire ta, ta fito a 2001, kuma biyu daga cikin waɗanda suka samar da ita, Gerhard Behles da Robert Henke, da ma makaɗan tekno ne. Tana da shafin da ake jera gutsattsarin kiɗa cikin akwatuna: ka taɓa wannan ya fara zagayawa, ka taɓa wancan ya shigo daidai kan bugu, ba sai ka tsara farko da ƙarshe ba. Makaɗi na iya hawa dandamali da ita, idonsa na kan masu rawa, hannunsa na sauya kiɗan. Tekno kuwa sau da yawa ba ya ɗauke da murya ko kaɗan.

A situdiyon Zoo Road a Kano murya ce uwar tafiya. Mawaƙi zai zo da baitocinsa da karinsa, wataƙila waƙar ango da amarya ce kuma jibi biki, sai makaɗi ya bi shi. Yaro mai koyo ba kasafai yake zaɓe ba. Abin da ya tarar a kwamfutar maigidansa shi zai koya. Yawanci FL Studio ce, ta kamfanin Image-Line na Beljiyam, wadda har yanzu wasu ke kira Fruity Loops duk da an sauya mata suna tun 2003. Tsohuwar kwamfuta mai Windows na iya ɗaukarta, saɓanin manhajar Logic, domin bayan Apple ya saye ta a 2002 sai a na'urorin Apple kawai take aiki. Idan an gama kiɗa, da yawa sukan koma Cubase don ɗaukar murya.

Ina jin ciwon yadda wasu a Turai ke yi wa FL Studio kallon abin wasan yara, alhali da ita matasan Durban suka gina kiɗan gqom, kuma ita ce a hannun masu kiɗan amapiano da yawa.

Abin da ya fi damuna ya shafi Ableton Live da FL Studio duka biyu. Da ka buɗe su, sun riga sun yanke maka bugu huɗu-huɗu, an raba kowane zagaye gida 16. Wannan ya yi wa tekno daidai. Yawancin kiɗan rawarmu kuwa uku-uku yake tafiya, ga mai kalangu na matsa tsarkiya a hammata, sautin ya hau ya sauka kamar magana, wani lokacin ya ɗan jinkirta bugun da gangan. Idan yaro ya danna abin da ke miƙar da kowane bugu kan layi, wannan jinkirin ya tafi, rawar ta yi tauri. Dukansu suna ba da damar raba zagaye gida 12, ko kashe layin gaba ɗaya a ɗauki makaɗin kalangu da makirfo yadda ya buga. Maigidan da ke koyar da yara a situdiyo ya kamata ya nuna musu wannan tun makon farko, kafin hannunsu ya saba da gida 16.