Takardar gwajin barci da daren mutumin Tiga

 

A yankinmu, daga Bebeji zuwa Kiru, Tudun Wada har Doguwa, idan mutum ya ce barci na gagararsa, amsar farko ita ce tunani ne ya yi masa yawa. Mai munshari kuwa dariya ake yi masa, a ce ai shi ya more, ko ganga aka kaɗa a kansa ba zai motsa ba. To ga shi yanzu tsiraru daga cikinmu sun fara zuwa birni ana kwantar da su dare guda ana auna barcin, su dawo da takarda cike da lambobi da Turancin likita. Wasu su firgita, wasu su cusa ta ƙarƙashin katifa. Ni dai a ganina takardar nan shaida ce ta dare ɗaya a ɗakin da ba naka ba, sai an haɗa ta da labarin darenka na gida kafin a yanke hukunci.

Gwajin babu allura, babu yanka. Ana manna ƙananan wayoyi a fatar kai, gefen ido, haɓa, ƙirji da ƙwauri, a ɗaura ɗamara ɗaya a ƙirji ɗaya a ciki, a sa siririn bututu a bakin hanci, a maƙala wa yatsa wani abu mai jan haske da ke auna iskar oksijin a jini. Wani kawuna direba, mai jigilar masara ta hanyar dajin Falgore, da ya dawo cewa ya yi: "Kai ɗan nan, ɗaure ni suka yi kamar ragon layya, sannan wai in yi barci." Na ce, "To kawu, ka yi?" Ya ce ko rintsawa bai yi ba. Takardar kuwa ta nuna ya yi, kuma da yawa. Haka abin yake ga mutane da dama: wanda barcinsa ke yankewa gutsi-gutsi yakan rantse idonsa biyu ya kwana.

Lambar da za ka fara nema ita ce wadda aka rubuta wa AHI. Tana faɗin sau nawa a kowace awa ta barci numfashi ya tsaya cak, ko ya ragu sosai, na tsawon aƙalla sakan 10. Ga babba, ƙasa da 5 lafiya lau. Daga 5 zuwa 14 matsalar mai sauƙi ce, 15 zuwa 29 matsakaiciya, 30 zuwa sama kuwa mai tsanani. A ce takarda ta nuna 32, mutum kuma ya yi barcin awa 6, kenan numfashinsa ya sarƙe kusan sau 190 a dare guda, shi ko ɗaya bai sani ba.

Yadda abin ke faruwa shi ne, barci na nauyi naman maƙogwaro ya saki, harshe ya koma baya ya rufe hanyar iska. Ƙirji na ta ja, iska ba ta wucewa. Oksijin ya yi ƙasa, ƙwaƙwalwa ta zabura ta farkar da mutum na 'yan sakanni, ya ja numfashi da wani irin gurnani, zuciya ta buga da ƙarfi, jini ya hau, ya koma barci, a sake daga farko. Da safe sai ciwon kai, baki a bushe, jiki kamar an yi masa duka. Shi ne wanda liman bai gama huɗubar farko ba ya fara gyangyaɗi. Shi ne kuma, sau da yawa, mai hawan jinin da aka haɗa wa magani kala uku amma ya ƙi sauka. Ba ƙaramin abu ba ne a duniya: wani bincike da mujallar Lancet ta fannin numfashi ta buga a 2019 ya ƙiyasta mutum miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 na da wannan matsalar.

Sai dai AHI matsakaicin lissafi ne na dukan dare, kuma matsakaici yana ɓoye abu. Duba ƙasa kaɗan, za ka ga an raba lambar bisa yadda ka kwanta. Mai 12 gaba ɗaya zai iya zama yana da 40 idan ya yi rigingine, 3 kacal idan ya juya gefe. Wannan rabin maganinsa kwanciyar gefe ce. Duba kuma ko tsayawar numfashin ta toshewar maƙogwaro ce ko kuwa ƙwaƙwalwa ce ta daina aika umarnin a numfasa. Ta biyun takan biyo bayan ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da kuma ƙwayoyi irin tramol da kodin. Wannan wurin ya shafe mu kai tsaye. An hana maganin tari mai kodin a Najeriya tun 2018, amma duk wanda ya san 'yan ƙwadagon gona da masu lodi ya san tramol bai bar aljihu ba. Wanda ya ɓoye wa likita yana sha, kansa ya cuta, domin likitan zai yi ta neman dalili a inda babu shi.

Sai SpO2, wato oksijin. Mai lafiya yana tsakanin 95 da 100. Takardar za ta nuna mafi ƙanƙantar inda ya sauka, kuma nan mutane ke tsorata idan suka ga 82. Tambayi minti nawa aka yi a ƙasa da 90. Faɗuwa sau ɗaya na ɗan lokaci, wataƙila ma abin yatsan ne ya goce, ba ɗaya ba ne da kwashe awa guda a can ƙasa.

Sauran lambobin na zurfin barci ne. Idan kashi 85 cikin 100 na lokacin da ka yi a gado barci ne, madalla. N3 shi ne barci mai nauyi da jiki ke hutawa a cikinsa, yana raguwa da shekaru, don haka dattijo kada ya damu idan nasa kaɗan ne. REM shi ne barcin mafarki, wanda aka gano a Jami'ar Chicago a 1953, yakan kai kashi 20 zuwa 25. A cikinsa jiki ke sandarewa don kada mutum ya aikata mafarkinsa, kuma idan hankali ya riga jiki farkawa, shi ne dannau ɗin da muke ji ya zauna mana a ƙirji. Kada a ɗauki waɗannan lambobin da zafi, baƙon gado da wayoyi kaɗai sun isa su hargitsa su.

Abin da na'ura ba ta gani ba ya fi yawa. Ɗakin gwaji akwai sanyi, babu sauro. Mu kuwa tun da aka kammala dam ɗin Tiga a 1974 zamanin Audu Bako muke zaune da ruwa rani da damina, alherinsa da sauronsa. Masunci yana kan kwalekwale lokacin da wasu ke munshari. Mai noman rani yana tashi tsakar dare ya kunna injin ban ruwa. Zafin Maris da Afrilu a ƙarƙashin kwano sai wanda ya kwana ya sani, hunturu kuma ya zo da ƙurarsa ya toshe hanci ya tayar da asma. Ga goro bayan isha'i, ga shayi mai kauri a teburin mai shayi har sha ɗayan dare, alhali sinadarin da ke cikinsu sai ya yi kamar awa 5 kafin rabinsa ya bar jini. Ga tuwo da yaji a ci a kwanta nan take, ƙwannafi ya taso. Mai tashi fitsari sau huɗu ya auna suga, namiji mai shekaru a duba masa mafitsara, amma a sani sarƙewar numfashin ita ma tana sa yawan fitsarin dare. Mace mai ciki da ke jin ƙafafunta na tsitstsira sai ta motsa su, a duba mata ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini. Kuma eh, tunani ma yana nan, bashin taki da kuɗin makaranta ba sa fitowa a waya.

Shi ya sa nake ganin kuskure ne magidanci ya shiga wurin likita shi kaɗai. Matar kawu ce ta ba da bayanin da ya fi amfani. Ta ce, "Malam, ba munsharin ne ke tayar da ni ba, shirun ne. In ka yi shiru sai in ta jira, in na ga ka daɗe in taɓa ka." Shekaru tana wannan gadin, babu wanda ya tambaye ta. Wanda kunya za ta hana shi tafiya da iyalinsa, a ɗauki sautin barcinsa a waya a kai wa likita.

Yara lissafinsu daban ne, AHI da ya wuce 1 ma abin dubawa ne. Yaron da ke munshari kullum, yana barci baki buɗe, yana fitsarin kwance, galibi tsokar maƙogwaro ko ta bayan hanci ce ta kumbura, kuma an fi ganin haka ga masu sikila. Kai shi wurin wanzami a cire belu ba ya taɓa wannan tsokar. Likitan kunne, hanci da maƙogwaro ne ke duba ta, akwai su a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Ga babba mai lamba 30 zuwa sama, maganin da aka fi tabbatarwa shi ne na'urar CPAP, wadda Colin Sullivan ya fito da ita a Ostareliya a 1981. Iska take hurawa ta hanci a hankali don maƙogwaro ya zauna a buɗe. Rage ƙiba na taimakawa ƙwarai, maganin sa barci kuwa yana iya ƙara dagula lamarin, kuma direba ya dakata da doguwar tafiyar dare har sai an shawo kan gyangyaɗin. Na'urar tana da tsada, kuma wuta take so daga kwanciya har asuba, don haka mutumin Tiga ko Riruwai da zai saya ya sa kuɗin sola da batir a cikin lissafi tun farko. Ya kuma sayi matatar iskarta fiye da ɗaya, domin ƙurar hunturu ba ta daɗewa take cika ta.