Zagazig, Inda Kyanwa Ta Yi Zamaninta

Mutumin Auyo da ya saba da fadamar kogin Haɗeja ba zai ji baƙunta ba a hanyar Alƙahira zuwa Zagazig. Tafiyar kamar kilomita 80 ce arewa maso gabas, ko'ina kore shar, ga alkama, ga magudanan ruwan Nilu sun keta gonaki. Inda hatsi ya yawaita kuwa, ɓera ba ya nisa. Daga nan labarin kyanwar Masar ya samo tushe.

A gefen garin na isa Tell Basta, kufan tsohon birnin Bubastis. Manyan jajayen duwatsu ne zube a fili, an sassaƙa musu rubutu da hotuna, aikin da ya fi shekara 2,500 amma layukansa ba su dushe ba. Nan ne ɗakin bautar Bastet, gunkiyar da ake zanawa da jikin mace da kan kyanwa, wadda mutanen wancan zamani suka ɗauka mai tsaron gida da mata masu haihuwa. Edouard Naville, ɗan ƙasar Suwizalan, shi ya haƙa wurin daga 1887 zuwa 1889.

Herodotus, marubucin Girka na ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ce mutum 700,000 ke taruwa bikin Bastet, suna tahowa a jiragen ruwa da kiɗa da waƙa. Ya kuma ce idan kyanwa ta mutu a gida, mutanen gidan kan aske girarsu don makoki. Gawar ma ba a yar da ita: a shafe ta da magani, a naɗe da ƙyalle, a binne ta a maƙabartar kyanwoyi. Har abin bautarsu Ra sukan zana shi a siffar ƙaton muzuru riƙe da wuƙa, yana yanka macijin duhu, Afofis.

Bautar ta wuce tun kafin zuwan Musulunci, amma tausayin ya zauna, ya ma sami gindi mai ƙarfi. Sarki Baibars, wanda ya mulki Masar daga 1260 zuwa 1277, ya yi waƙafin lambu don ciyar da kyanwoyin da ba su da gida. Har yau a lungunan Alƙahira kusa da Azhar na ga mahauci yana jefa musu guntun nama, mai shago ya ajiye musu ruwa a bakin ƙofa, su kuma suna barcinsu a inuwar masallaci, babu mai tsangwamar su. Wallahi abin ya burge ni.

Mu ma mun yarda kyanwa ba dabbar banza ba ce, sai dai tsoro ya rinjaye mu. Baƙar mage ta gifta da dare, a ce mayya ce ta rikiɗa ko aljani, yara su bi ta da jifa. Alhali ita ke gadin rumbunmu da buhunan shinkafarmu, kuma sahabin Manzon Allah (SAW), Abu Huraira, saboda 'yar kyanwa ya sami laƙabinsa.

Jama'ar Auyo, mu hana 'ya'yanmu jifan mage, mu ba ta abinci da ruwa. Haƙƙinta ne a kanmu, kuma akwai lada.